Neman kalma: ruwan da ake ɗura wa bututun ɗaki mai taya don kada ya daskare

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe kafin a tafi masallacin Juma'a zan miƙa fassarar wata 'yar takarda mai shafi biyu. Za a raba wa 'yan'uwanmu masu aiki a arewacin Alberta ta Kanada, wajejen Fort McMurray, waɗanda ke kwana a ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Can sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani sa'in 40. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya tsaga bututu. Na maƙale a kan ruwan da ake ɗurawa bayan an tsiyaye bututun, wanda Turawa ke ce wa antifiriz. Me zan kira shi?

Kawu Makaniki: Wa'alaikumus salam. Ai ruwan lagireto ne, 'yata. Rubuta haka ki huta.

Ɗan Alberta: Kawu, don girman Allah kada ta rubuta haka. Na mota daban, namu daban. Na mota etilin gilaikol ne, guba ce mai zaƙi a baki, tana kashe ƙoda. Wanda muke sa wa bututun ruwan sha launinsa ruwan hoda, yawanci da furofilin gilaikol ake yin sa. In baƙon jiya ya karanta "ruwan lagireto" ya je ya sayo na mota ya ɗura a famfon da yake alwala da shan shayi, wa ya jawo?

Kawu Makaniki: Subhanallahi. Na janye.

Malama Hadiza: Maganin daskarewa?

Mai Fassara: Shi na fara sawa, Malama, sai na goge. Ina tsoron kalmar magani a jikin jarkar da yaro zai iya gani a ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Malam Mai Ƙamus: Kun bar gini kuna tonon rami. Hausa tana da ƙirar da ta dace tun kaka da kakanni. Abin da ke hana wuƙa kama jiki kaskaifi muke ce masa, wato mai kashe kaifi. To wannan kasƙanƙara ne. Gajere, mai daɗin faɗa, babu ƙamshin Turanci ko kaɗan.

Malama Hadiza: Malam, ai ba ya kashe ƙanƙara. In bututu ya riga ya daskare ba shi zai narkar da shi ba. Hanawa yake. In ƙira muke bi, ga hana-sallah, ga hana-ƙarya. Sai mu ce hana-daskara.

Malam Mai Ƙamus: Kaskaifi ma kafin sara ake shan sa, Malama, ba bayan jini ya zuba ba.

Ɗan Damagaram: Mu dai nan antijel muke ji a bakin masu gyaran mota, ɗakin kuma karaban. Ba wanda ya mutu.

Malam Mai Ƙamus: Ga irinta nan. Ku ku ari na Faransa, mu mu ari na Ingila, jikokinmu su tashi ba su da ko ɗaya.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, famfo da tanki da tiyo da ke cikin takardar, a wace unguwa ta Kano aka haife su? In kun ara sunansa daidaitacciyar Hausa, in mun ara an ɓata harshe.

Malam Mai Ƙamus: Abin da ya shekara ɗari a gida ya zama ɗan gida. Naku bai ko ajiye jaka ba.

Kawu Makaniki: Ni ɗakin ma nake ji. In kuka rubuta tirela, duk wanda na sani mai ɗaukar siminti zai hango. Me ya hana tafi-da-gidanka?

Malama Hadiza: Wayar hannu da kotu sun riga mu, Kawu, alhali wannan ne ya fi cancanta da sunan.

Ɗan Alberta: Ku bar ni in faɗi yadda aikin yake, wataƙila sunan ya fito. Hunturuna na farko na tafi aiki na mako biyu ban tsiyaye komai ba. Na dawo na tarar da tiyo ya sandare kamar taɓarya. Da na kunna wuta ɗaki ya ɗumama, sai ga ruwa yana tsartuwa daga bayan masai, har dardumar sallata ta jiƙe. Yanzu in zan yi nisa, ina zubar da ruwan babban tanki da na tukunyar ruwan zafi, in juya makullin da ke kewaye tukunyar, in hura iska cikin bututu, sannan in tura ruwan hodar har sai ya ɓullo ta kowane famfo, na zafi da na sanyi. In zuba kaɗan a kowace magudana. In kuwa ina ciki, ba a sa shi a bututun sha. Tiyo mai wayar lantarki a jiki nake amfani da shi, in kewaye ƙasan ɗakin da allunan soso don iska, in bar ƙofofin kabad a buɗe. Mu a nan "ruwan hoda" kawai muke cewa.

Malama Hadiza: Ruwa mai ruwan hoda ke nan! Amma launi ne ai, ba suna ba.

Malam Mai Ƙamus: Sunan kwalliyar amarya. Kasƙanƙara dai.

Ɗan Damagaram: Mutanen Ƙanƙara ta jihar Katsina ba za su gode maka ba, Malam.

Mai Fassara: Dare ya yi. Na sa "hana-daskara na bututun ruwan sha, mai ruwan hoda" a farkon ambato, daga nan hana-daskara kawai. A ƙasa da manyan baƙaƙe: BA NA MOTA BA NE, NA MOTA GUBA NE. Ɗakin na bar shi ɗaki mai taya. Na gode ƙwarai.

Malam Mai Ƙamus: "Daskara" ɗin ma da sauran magana, don daskarewa muke cewa. Amma tunda sauri kike, je ki. Ni dai na shigar da kasƙanƙara a littafina.