Harbin farko na sai ƙasa hagu, ina matsalar take?

Ɗan Kusugu:
Assalamu alaikum. Aikin ɗamara nake yi, wata 7 ke nan da turo ni ɓangaren Daura, yawanci ina tsakanin Mai'adua da Kongolam. Makon jiya aka kai mu filin harbi da ƙaramar bindiga, Beretta 92. Da doguwa ba ni da matsala, amma wannan ta ba ni kunya gaban yara. A mita 15, harbin farko kullum sai ƙasa ta hagu, wani ma ko allon bai taɓa ba. Na biyu da na uku kuwa sai su taru a tsakiya kamar wani ne ya harba. Kunamar a jan farko ga nauyi ga nisa, kamar kana jawo guga daga rijiya, kafin ta tashi hannuna ya fara rawa. Da dama nake harbi. Bayan Sallah za mu koma, don Allah manya a taimaka.

Tsohon Sufeto, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bindigar lafiyarta lau. A jan farko kunamar aiki biyu take yi, ita ke ɗana gudumar baya, wato ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, ita ce kuma ke sakinta. Nauyin jan ya kai wajen kilo 5, alhali bindigar kanta, in ba harsashi, ba ta cika kilo 1 ba. To ka ga yatsa ɗaya na jan abin da ya ninka bindigar sau biyar, dole bakinta ya motsa in riƙo bai yi ƙarfi ba. Daga harbi na biyu bindigar ta ɗana kanta, jan ya dawo wajen kilo 2, shi ya sa kake ganin kanka gwani.

Abin da ke kai ka ƙasa hagu shi ne, idan ka ja da manuniya, sauran yatsun uku su ma sai su matse tare da ita. Ka damƙe bindigar tun farko, hannun hagu ya fi ɗaukar nauyin riƙon, manuniya ita kaɗai ke tafiya. Kada ka sa ƙarshen yatsa kamar yadda ka saba da doguwa, shigar da shi har kusa da gaɓar farko, nan ƙarfin yake. Kuma in ka fara ja kada ka tsaya a hanya kana jiran saiti ya daidaita sannan ka fizga. Wannan tsayawar ita ke kashe yawancinku. Ja ɗaya, santsi, har ta tashi, idonka na kan saitin gaba ba kan allo ba. Saitin zai ɗan yi lilo, ƙyale shi, na kowa yana yi.

Mu da libarba muka koya, wadda kowane harbi haka yake, babu sauƙin na biyu. Tunda kana bakin iyaka, nemi ƙwandalar sefa ka ɗora a saman bindigar, ka ja kunama ba harsashi. Ranar da ka ja sau 10 ba ta faɗi ba, ka zo Katsina ka saya mini goro. Amma da iznin mai kula da makamai, ka cire gidan harsashi, ka duba ciki da ido da yatsa, harsashi kuma ba ya cikin ɗakin da kake gwajin sam.

Na Zango:
Ni fa ina ganin wahalar banza ce. Ka ɗana gudumar da babban yatsa kawai, shi ke nan jan ya yi sauƙi.

Tsohon Sufeto, Ƙofar Marusa:
A'a Na Zango. An yi nauyin nan ne da gangan, don kada firgita ta sa mutum ya harba bai shirya ba. Wanda hannunsa ke zufa yana kokawa da guduma, ranar tsautsayi kansa ko abokin aikinsa zai samu.

Hajiya Mai Kaki:
Ƙanena, ƙari a kan na Baba Sufeto. A fili ka roƙi malaminku ya cusa maka harsashin gwaji marar albarushi cikin na gaske, ba tare da ka san inda yake ba. Ni da aka yi mini, da na iso kansa sai ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa, ba ƙara ba komai. Ashe tun kafin ta tashi nake tura ta don tsoron bugun. Sannan ka riƙa harbi bibbiyu, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi, ka sauke guduma da makunninta na gefe, ka sake. Fara daga mita 5, ba 15 ba.

Ɗan Kusugu:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Yau na gwada a ɗakin makamai, oga na tsaye. Ƙwandalar ta faɗi sau 8 cikin 10, har ɗaya ta gangara ƙarƙashin akwati ban same ta ba. Goron Baba sai ya ɗan jira.