Tatsuniyar Baba: in ci gaba ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema daga Shara Mansur, Makka. Maigidana ya rasu, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi makabartar Shara'i. Ɗanmu mai shekara 6 bai ga komai ba sai gida cike da baƙi, ana ta zuba gahawa. Tun daga nan ya yi shiru. Sai na fara yi masa tatsuniya da daddare, ta wani direba mai farar mota da ke kai alhazai Mina. Ya gane babansa ne, har gyara mini yake: "A'a Umma, ba haka yake dariya ba." Hajiya, mahaifiyar marigayin, ta ce fami nake yi wa yaro, kuma ƙaga labari a kan mamaci ƙarya ce. Shekaranjiya kuwa ya tambaye ni yaushe direban zai dawo. Na rasa ta cewa.

Wani malamin Islamiyya, Madina: Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska da yage tufafi. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo ma. Sai dai ki raba biyu. Abin da ya faru ki ce "Baba ya yi." Wanda kika ƙirƙira kuwa ki buɗe shi da "ga ta nan ga ta nanku," yaro ya san tatsuniya ce. Kada ki sa wa mamaci magana a baki.

Wata uwa, Jidda: Ni tambayar yaron ce ta tsaya mini. Mai shekarunsa yana ɗaukar mutuwa kamar tafiya, balle yaranmu da suka saba ganin mutum ya je Najeriya ya dawo da tsaraba. Ki zaunar da shi da rana, ba lokacin tatsuniya ba, ki ce Baba ya rasu, ba zai dawo ba, kuma ba laifinsa ba ne. Kar ki ce barci yake, sai yaro ya tsorata da kwanciya. Zai sake tambaya gobe da jibi, ki maimaita masa amsa ɗaya. Tatsuniyar kuma kar ki yanke, da ita ya samu bakin magana. In ya daina ci ko ya koma fitsarin kwance ya daɗe, ki kai shi wurin likitan yara.

Wata dattijuwa, Rusaifa: 'Yata, ku daina ganin laifin Hajiya. Ɗa ta binne, kuma tana jiyo ku ta bango kuna kwaikwayon dariyarsa. Ki kai mata shayi ki ce, "Hajiya, jikanki na son jin ƙuruciyar babansa, ni kuwa ban sani ba." Wa ya fi ta labarinsa?

Wani ɗan'uwa, Makka: Baffansa ya kai shi Shara'i ya yi addu'a. Amma a faɗa masa tun a gida cewa kaburburan nan ba suna a jiki, dutse ne kawai, kada ya je yana neman inda aka rubuta Baba.