Mama ta daina shan maganin hawan jini saboda saƙon murya a WhatsApp, ya zan yi?

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, likita ya ɗora ta a kan amlodipine kullum ƙwaya ɗaya, abin yana tafiya lafiya lau har aka saka ta a wani guruf na dangi. To can wani ya turo saƙon murya wai maganin bature ke kashe ƙoda, mai maganar ya ce shi likita ne amma ba suna ba asibiti, kuma saƙon da kibiyoyi biyun nan a samansa, alamar ya zaga hannu da yawa kenan. Shikenan Mama ta ajiye magani.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, dama ƙafafunta suna ɗan kumbura, kuma likitan ya taɓa gaya mana maganin kan sa haka, ita kuwa ta riƙe shi hujja, wai ga ƙodar nan ta fara. Na ce mata hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne ke cin ƙoda ya kawo shanyewar ɓarin jiki, sai ta ce ai ba ta jin ciwon komai. Na nuna mata rubutun Hukumar Lafiya ta Duniya a wayata ko kallo bai ishe ta ba, ba ta karatu sosai, murya take yarda da ita.

Cire ta daga guruf ɗin rigima ce, ƙaninta ne ya buɗe shi. Akwai wanda ya san inda zan samu bayanin likita na gaske da Hausa cikin murya in tura mata? Ko in roƙi likitanta ya kira ta da kansa, suna yarda da irin wannan kuwa?