Kafin ɗalibi ya shiga unguwa da takardunsa

Da muka zauna da wasu da suka karanci ilimin manya da hidimar al'umma a Jami'ar Bayero, bakinsu ya zo ɗaya: kada ɗalibi ya afka unguwa da takardar tambayoyi bai gaida mai unguwa da liman ba. Wata ta ce ta taɓa kiran taron mata ranar kasuwa, ita da tabarmi kawai suka wuni. Sun kuma nemi jami'o'i su riƙa leƙa garin da ɗalibi ya yi aiki ko bayan an miƙa kundin bincike, domin rijiyar burtsatsen da ba ta da kwamitin gyara da wuya ta kai baɗi. Wannan ya fi kama ni. Batun kuɗin mota kuwa, ana ta ƙorafi aka tashi.