Wurin da Ya Tsaya Maka a Rai: Musayar Waƙa kan Finafinan Katun

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kowa ya kawo wuri ɗaya a fim ɗin katun wanda ya kasa mantawa, amma a baiti. Babban amsa-amo "wa" ne. Na fara da The Lion King na 1994.

Da sunan Allah na buɗe fage,
Ku matso kusa, waƙa nake farawa.

Ɗan zaki ne tsaye cikin kwazazzabo,
Ƙasa na rawa, tsakuwa na motsawa.

Kuraye sun koro garke daga tudu,
Ƙura ta tashi, rana na dushewa.

Uba ya faɗa tsakiyar kofatai,
Ya fid da ɗansa ana ta bangajewa.

Ya kama dutse yana roƙon ƙaninsa,
Ƙanin ya kafa masa farce, sai turawa.

Ba faɗuwar ce ta karya min zuciya ba,
Abin da ya biyo ne na kasa mantawa.

Simba ya ja kunnen Mufasa don ya tashi,
Shiru kake ji, babu mai amsawa.

Ya ɗaga hannun uban ya shige ƙarƙashi,
Ya lafe a jikinsa, hawaye na zubowa.

'Yar Fitila:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka taɓo inda ke ciwo. Nawa farkon fim ɗin Up ne, na kamfanin Pixar, 2009. A ƙwar huɗu zan amsa.

Yaya, baitinka ya ratsa raina,
Ga nawa nan daga cikin ƙirjina,
Carl da Ellie su ne a idona,
Minti huɗu, ba kalmar da suke furtawa.

Sun yi aure suka ɗaura buri,
Kudancin Amurka, can wani wuri,
Suka sa kwalba suna ta tari,
Kullum tsaba a ciki suke jefawa.

Ga su gaban likita yana bayani,
Ba ka jin muryarsa, amma ka gani,
Ɗakin jaririn da suka shafa wa launi
Zai zauna shiru, ba mai shiga kwantawa.

Tayar mota ta fashe, a fasa kwalba,
Ƙafa ta karye, a sake fasa kwalba,
Itace ya danne rufi, a fasa kwalba,
Furfura ta rufe kai, buri na tserewa.

Ran da ya sayo tikiti a ɓoye,
Ta faɗi kan tudu, ƙarfi ya janye,
Daga baya ya dawo gida a karye,
Balan-balan guda a hannu, ƙofa na rufewa.

Kiɗan Michael Giacchino ne ya yi magana a madadinsu. Sautin da aka yi murnar aure da shi, shi ne dai ya koma a sanyaye ranar rabuwa. Kiɗan fim ɗin ya ba shi kyautar Oscar, kuma ya cancanta.

Malam Mai Tawada:
Allah ya yi muku albarka. Ɗana Alƙalami, gudun garken nan bai cika minti uku ba, amma ya ci masu aikin sama da shekara biyu, domin da kwamfuta aka ninka dabbobin, aka tsara kada ɗaya ta ratsa jikin ɗaya. Na yi wa baitinka tahamisi:

Daƙiƙa guda, hoto 24,
Kowane kofato sai an koya masa gudu,
Hannu da kwamfuta a nan suka haɗu,
Kuraye sun koro garke daga tudu,
Ƙura ta tashi, rana na dushewa.

Nawa kuma daga Japan yake, Spirited Away na Hayao Miyazaki, 2001, wurin da yarinya Chihiro ta shiga jirgin ƙasa tare da wani aljani marar fuska.

'Yata Fitila, naki shirun mai kuka ne,
Ni nawa ba hawaye yake jawowa.

Jirgin ƙasa ne kan ruwa shimfiɗe,
Sama da ruwa sun haɗe ba rabewa.

Chihiro na zaune, marar fuska na gefenta,
Shi da ɗazu ma'aikata yake haɗiyewa.

Fasinjoji inuwa ne, suna sauka ɗai-ɗai,
Gida guda kan tsibiri yana wucewa.

Ba fira, ba faɗa, har tasha ta shida,
A fuskarta na ga ƙuruciya na ƙarewa.

Ƙaramin Sha'iri:
A gafarce ni Baba Malam, zan ɗan saɓa. Nawa Kirikou ne na Michel Ocelot, daga Faransa, 1998.

Ku ukunku shiru kuka yaba, na ji,
Ni tambaya ce ta hana ni runtsawa.

Jariri ne da ya yi magana tun a ciki,
Ya fito da kansa, da gudu yake sheƙawa.

Gari duka na tsoron mayya Karaba,
Ruwa ya ƙafe, zinare tana ƙwacewa.

Kowa na faɗin muguwa ce, a guje ta,
Shi ko dalilin muguntar yake nemowa.

Ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har gun kakansa,
Tsoho cikin dutse, shi ne mai warwarewa.

Ƙaya ce mai dafi maza suka kafa mata,
A gadon baya, inda hannu ba ya kaiwa.

Dare da rana tana cikin azaba,
Zafin nan ne take bin gari tana rabawa.

Ya lallaɓo ta baya, ya sa haƙori ya fizge,
Ihun da ta yi har daji na amsawa.

Sai ga busassun itatuwa sun yi fure,
Fuskar da ta ɗaure ga ta tana sakewa.

Na kalle shi ina yaro, na ɗauka labarin mayya ne. Sai da na girma na gane cewa duk garin ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke damunta sai wannan jaririn.

'Yar Fitila:
Ƙanena, ka yi gaskiya, ban ja ba,
Amma ka saurari bayan ihun da ke yankewa.

Ta yi tsit, tana lalubar ciwon da ta saba,
Ta neme shi ta rasa, numfashi na saukowa.

Ƙaramin Sha'iri:
Na yarda Yaya, akwai shiru a nan ma,
Sai dai tambaya ce ta share masa hanyar zuwa.

Alƙalamin Dare:
Madalla da ku. Kafin mu tashi ga tsohon zance, Bambi na 1942, labarin ɗan barewa da uwarsa. Ba a nuna maharbin ba, ba a nuna uwar ta faɗi ba. Ƙarar bindiga kawai aka ji.

Ta ce ya yi gudu kar ya waiwayo baya,
Ya yi ta gudu har maɓoya yana haƙewa.

Ya juyo da murna don ya ga uwa tasa,
Dusar ƙanƙara ce kaɗai ke saukowa.

Ga ɗango ɗaya na bari a buɗe. Baba Malam, kai muke jira ka cika:

Ya fita yana kiranta a tsakanin itatuwa,