Zanen gwaji na fentin mai: dole ne kafin babban aiki?

Ɗalibar zane, Tudun Wada: Assalamu alaikum malamai. In mutum ya riga ya fitar da zanen fensir tsaf, me zai sa ya sake yin ƙaramin gwaji da fentin mai kafin ya hau babban kanbas? Fenti fa ya yi tsada.

Mai Buroshi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fensir siffa kawai yake ba ki. Ba zai gaya miki inda haske zai zauna ba, ko yadda jar riga za ta yi kusa da baƙar fata. A da can, a makarantar zane ta Faris, masu neman babbar kyautar zane ta Prix de Rome kulle su ake yi a ɗaki su fitar da gwajin, sannan a ba su kwana 72 su gama babban zanen, kuma ba a yarda su kauce wa tsarin gwajin ba.

Ki samu guntun filawud, santimita 30 da 40, ki shafa masa geso, wato farin shafen da ake fara yi kafin fenti, sau biyu. Ki tsinka fenti ruwan ƙasa da tafentin, wato ruwan tsinka fentin mai, ki shimfiɗa duhu da faffaɗan buroshi, sai tsaka-tsaki, sai haske. Ban da zana ido, ban da zana yatsu. Awa biyu ta isa. Ki ja baya taku biyar, ki kanne ido. In babban mutumin zanen bai fito ba, tun nan za ki gyara.

Malam na Kawo: Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne awo. Gwajin 30 da 40 kanbas 90 da 120 yake so. In kika kai shi kan kanbas mai tsawo da faɗi daidai, tsarin ya wargaje. Ki ja layukan dara a duka biyun kafin ki kwafa. Kuma shafen ƙasa ki tsinka da tafentin, fenti mai yawan mai sai a sama; in kika juya, saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage. Da hunturun nan ki jingina shi yana kallon bango, ƙurar Kaduna ba ta barin ɗanyen fenti.

Baba Mai Launi: Gwaji ne ma ake nuna wa wanda ya ba da aikin ya amince. Shahararren mai zane Rubens ya karɓi aikin zane 39 na rufin wani coci a birnin Antwaf na ƙasar Beljiyam a 1620, gobarar 1718 ta cinye su, gwaje-gwajensa ne suka rage. Sai dai 'yata, kada ki bi gwajin shafe bayan shafe, babban zai fito a sandare. Launi da haske za ki ɗauka, hannu da fuska ki sa mutum ya zauna miki.