A cire kafiretar Fijo 504 a sa injekta, ko a bar ta yadda PAN ta haɗa ta?

Mai 504: Assalamu alaikum jama'a. Ina da Fijo 504 haɗin PAN, kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, injin lita 2 mai kafiretar Solex. Kwanan nan ta matsa min: da safe sai an yi ta ja mata cok, in ta ɗau zafi a cunkoso ta mutu, ga shan mai. Ɗan ƙanwata ya dage in cire kafiretar in sa injekta na zamani, irin wanda ake sayarwa haɗe da kwamfutarsa, wai shan mai zai ragu da rabi, ƙarfi kuma ya ƙaru. Ya ba ni sunaye uku: Holley Sniper, FiTech da Speeduino. Maganar nan gaskiya ce? In gaskiya ce, wanne zan ɗauka?

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka soma. Mu shekara da shekaru akasin wannan muka yi ta yi a Panteka: a kawo Golf ko Marsandi 'yar Beljiyam mai injekta, mu sauke shi mu ɗora kafireta, mai mota ya tafi yana sa albarka. Solex ɗin nan in ta ƙi a Birnin Gwari, da sukudireba da bakinka za ka hure jet ka ci gaba da tafiya. Kwamfuta in ta ƙi, sai motar janwe.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma abin da ya sa kuka yi ta saukewa a lokacin shi ne babu na'urar gwaji, babu kayan gyara. Yau motocin hayar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja kusan duk masu injekta ne. Kuma ita kanta Peugeot tun fitowar 504 a 1968 ta sayar da mai injekta, na kamfanin Kugelfischer, sai dai shi na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta. Inji yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. Kafireta tana kusantar wannan ne da ramukan jet waɗanda ba sa canzawa, ko kana Legas ko kana Jos da ke sama da mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi, motar ta riƙa cin mai fiye da buƙatarta. Injekta yana da sensa a cikin salansa mai shinshina hayaƙi, kwamfutar tana gyara awon mai sau da yawa a daƙiƙa guda. Tashin safe lokacin hunturu da mutuwa a cunkoso duk zai magance su.

Ɗan ƙanwar Alhaji: Yauwa! Kawu ka ji ko? Abin da nake ta faɗa ke nan.

Injiniya: Tsaya tukuna ƙanena, ban ce rabi ba. Babu wanda zai cire lafiyayyar kafireta ya sa injekta ya ga mai ya ragu da rabi. In an ga haka, to dama kafiretar ta lalace tana kwarara mai, kuma gyaranta ma zai dawo da mafi yawan abin da ake asara. Ƙarfi kuma, injin nan bai kai doki 100 ba tun yana sabo. Kan inji, bawul da kamshaf su ke ƙayyade iskar da zai shaƙa. Injekta zai sa ta amsa totur da santsi, amma ba zai mai da ita wata mota ba.

Na Amurka: Salam. Ni na sa Sniper a tsohuwar Chevrolet mai silinda 8 a nan Texas, kuma ina jin daɗinsa, don haka ba ƙiyayya ba ce. Alhaji, waɗannan na'urori an ƙera su ne domin manyan injunan Amurka. Sniper mai maƙogwaro huɗu an yi shi ne ya ciyar da inji har doki 650, FiTech ma yawancin nasu a nan suka fi ƙarfi. Ka ɗora wannan a kan lita 2, injektocin sun yi masa girma, a silo, wato lokacin da inji ke aiki mota na tsaye, zai yi wuya su rage mai yadda ƙaramin inji ke so. Holley suna da ƙanana, mai maƙogwaro biyu da ake kira 2300 da mai guda ɗaya, su ne abin dubawa. Su ma gindinsu bai dace da mazaunin Solex ba, sai an yanka farantin haɗi.

Abin da masu talla ba sa nunawa shi ne aikin tanki. Kafireta matsin mai kaɗan take so, abin da bai wuce psi 3 zuwa 6 ba a ma'aunin matsi, shi ya sa ƙaramin famfon jikin inji ya ishe ta. Sniper yana son wajen 58. Ke nan sabon famfon lantarki, sababbin tiyo masu jure matsi, filta kafin famfo da bayansa, da layin da zai mai da ragowar mai tanki. Tankin 504 kuma ba shi da shinge a ciki da zai tare mai kusa da bakin famfo. In mai ya yi ƙasa ka sha kwana, famfo ya ja iska, mota ta yi shaƙuwa nan take, domin babu ɗan kofin ajiya irin na kafireta. Kuɗin na'urar kaɗai ya haura dala dubu, kafin jirgi da kwastan.

Mai 504: Dala dubu kafin a taɓa tanki? To fa.

Baba Makaniki: Ka ji dai da kunnenka. Kuma tankin da ya shekara talatin ko arba'in, ka leƙa cikinsa da tocila ka ga tsatsa. Ga man bumburutu na galan. Kun manta fetur ɗin da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 mai methanol da yawa, wanda ya kwantar da motoci a Legas da Abuja?

Hajiya mai Marsandi: Baba, wancan man ai bai tambayi mota ko kafireta gare ta ko injekta ba. Tawa 230E ce, injekta gare ta tun daga Jamus, K-Jetronic na Bosch, kuma ban yarda an sauke min shi ba duk da an sha ba ni shawarar. Abin da nake yi shi ne filta a kan lokaci da shan mai a gidan mai guda. Amma Alhaji, ni inda na tsaya daban ne. PAN ta fara haɗa mota a Kaduna a 1975, 504 kuma ta daɗe tana fita daga can bayan Faransa ta daina yin ta. Masu tsabta da ba a yi musu kwaskwarima ba suna ƙarewa, wasu ma ana kwashe su zuwa waje. Motarka a yadda take tana da daraja. In ka huda salansa, ka yanka tanki, ka ja wayoyi ko'ina, mai neman ta asali ba zai ba ka kuɗin da zai bayar a da ba. In dole sai ka yi, ka adana Solex ɗin da famfonta da duk ƙusar da aka kwance a kwali.

Ɗan Riwaya: Ku ba ni dama, domin in abin ya lalace wurina za a kawo. Abu uku nake gani a kusan kowace 504 da ke shigowa garejinmu, kuma kowanne zai iya haukata kwamfuta.

Na farko tamostat. Kusan duk an cire an yar, wai ƙasarmu da zafi. Sniper ba ya fara koyon injinka sai ruwa ya kai digiri 160 a ma'aunin Amurka, wajen 71 a namu. Motar da ba tamostat, da asuba a hanyar Zariya cikin sanyi, za ta daɗe ba ta kai nan ba. Kwamfutar za ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara mai. Ka kashe kuɗi don rage shan mai, ka ƙare da ƙari.

Na biyu salansa. In akwai ɗan huji ko gaskit mai hura iska kafin sensa, iskar waje za ta shiga, sensa ya ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta turawa har fulogi su yi baƙi ƙirin. Sannan ta haddace wannan ƙaryar a matsayin darasi. Injin da ke cin baƙin mai ma hayaƙinsa yana kashe sensar da wuri.

Na uku wuta. Wayoyin motar nan sun sha hannu, an ɗaure wannan da leda, an murɗa wancan da haƙori. Kwamfuta tana son waya kai tsaye daga batir, da as mai kyau, wato wayar da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, da wutar da ba ta ɗaukewa lokacin da kake murza ki. Wayar fulogi mai zallar ƙarfe a ciki tana watsa hayaniyar lantarki da ke sa ta ɗauke ta dawo. Tsohuwar altaneta kuma a duba ko za ta ɗauki ƙarin famfo da injektoci da dare, fitilu a kunne.

Ɗan ƙanwar Alhaji: To shi ya sa na sa Speeduino a lissafi. Shi a kan allon Arduino Mega aka gina shi, manhajarsa a buɗe take kyauta, kuɗinsa bai kama ƙafar na Holley ba. Sauran kayan a Ƙofar Ruwa ko Panteka za a tsinto: maƙogwaron totur na wata ƙaramar mota, injektoci, famfo, sensa. In wani ya mutu, a kasuwa za a samu, ba sai an jira daga Amurka ba.

Injiniya: Nan kam ka faɗi gaskiya, kuma ni da za a tilasta min zaɓi a cikin ukun, shi zan ɗauka saboda wannan dalilin kaɗai. Amma ka gaya wa Kawu sauran. Speeduino ba ya zuwa da taswirar injin Fijo a ciki. Wani zai zauna da laftof mai manhajar TunerStudio, wani yana tuƙi, a cika jadawalin mai gida-gida. In kana son injekta huɗu, kowace silinda da nata, sai an huda manifol an yi walda an zaunar da su a kusurwar da ta dace. In kana son kwamfutar ta riƙe wuta ma, sai an ɗaura faranti mai haƙora, irin 36-1, a kan fulin kiranshaf. Tambayata gare ka: ranar da aka tura ka aiki wani gari, wa zai buɗe wa Kawu laftof?

Ɗan ƙanwar Alhaji: Zan koya wa Oga riwaya. Kuma ana ajiye kwafin saitin a waya.

Ɗan Riwaya: Ina so in koya, wallahi. Amma ba a kan motar da Alhaji ke zuwa kasuwa da ita kullum ba.

Baba Makaniki: Alhaji, amsa min wannan. Yaushe rabon da a gwada kwamfireshan? Yaushe aka saita bawul? In ka kama sandar totur ta kafireta ka girgiza, tana motsi gefe da gefe?

Mai 504: Kwamfireshan ban taɓa sa an gwada ba, Baba. Sandar kuwa tana motsi, yanzu na fita na taɓa. Salansa ma tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi in na sauko gangara na taka.

Baba Makaniki: To ka gani. Sandar ta cinye mazauninta, iska na shiga ta gefe, shi ya sa silo ba ya zama, yaran gareji kuma suna buɗe mata mai don su rufe matsalar. Shuɗin hayaƙi bayan gangara kuwa robobin bawul ne ko gayid, wataƙila har da ringi. Wannan ko kwamfutar jirgin sama ka sa ba ta gyara shi.

Na Amurka: A nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Da yawan abin da ake ɗora wa kafireta laifin wuta ne. Kwantak da kwandensa a canza su da na lantarki, a duba ko adbans na distiributa yana aiki, kuɗi kaɗan ne, kuma ko ka koma injekta daga baya ba asara ka yi ba.

Injiniya: Na yarda a fara da inji. Inda ban yarda ba shi ne a ce daga nan an gama. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai tafiya Kaduna zuwa Jos duk mako lissafinsa ya bambanta da mai fito da mota ranar Juma'a kawai. Ko an gyara Solex ta koma sabuwa, ba za ta san ta hau tsauni ba, kuma sababbin kayanta na ainihi suna ƙara wuya. Alhaji, kilomita nawa kake ci a wata? Da wannan za a san ko kuɗin zai taɓa dawowa.

Mai 504: Ba na dogon zango sosai, daga gida zuwa shago ne, sai Zariya jefi-jefi. Baba, zan kawo ta ranar Asabar a gwada kwamfireshan a duba sandar. Oga riwaya, ka nemo min tamostat. Kai kuma ɗana, rubuto min kuɗin kayan Speeduino ɗin ɗaya bayan ɗaya, har da famfo da tiyo da walda, in gani da idona.

Hajiya mai Marsandi: Ka sa masa da kuɗin sabon tanki a lissafin, kada a yanka na asalin.

Ɗan ƙanwar Alhaji: To Hajiya. Kawu, gobe da yamma in sha Allah zan kawo maka, amma ina nan a kan bakata.